Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen fistan idan an sauke injin 911

Duk wanda ya tashi a Katsina ya san kukan babbar motar nan 911 tun kafin ya hango ta, ko tifa ce ɗauke da yashi, ko mai bodin katako da ta yi lodin hatsi daga Ɗandume. Injin da ke cikinta shi ne OM352 na Mercedes, wanda aka fara ƙerawa a 1964: silinda shida a jere, lita 5.7, faɗin kowane rami milimita 97, tafiyar fistan sama da ƙasa milimita 128. Inji ne mai haƙuri. Amma a garejinmu na ga da yawa da aka sauke aka kashe musu kuɗi, ba su yi wata uku ba suka dawo suna hayaƙi, kuma yawanci daga wajen fistan aka samu matsala.

Babban kuskure shi ne a sayo fistan kafin a auna bulok. Mai mota zai shigo da kwali shida a buhu, ya taho da su daga Ƙofar Ruwa ta Kano, alhali ko kan injin ba a ɗaga ba. In na ce, "Alhaji, da ka bari an auna tukuna," sai ya ce, "Ai sitanda ne, Malam, ban taɓa buɗe shi ba." Shi bai buɗe ba, amma motar da ta haura shekara 40 ta bi hannu nawa kafin ta zo gare shi? Sannan ramin silinda ba ya cinyewa bai ɗaya. Ya fi ci daga sama, inda zobe na farko yake juyawa, shi ya sa in ka sa farce a bakin ramin za ka ji wata 'yar gaɓa. Yana kuma buɗewa ta gefe fiye da ta tsawon inji, har ya ɗan koma siffar ƙwai. Don haka kowane rami a auna shi sama, tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, da agogon awo. Ramin da ya fi lalacewa shi zai faɗi girman da za a je, 97.5 ko 98. In ya wuce nan, a sa silif, wato bututun ƙarfe da ake zurawa cikin ramin, a dawo 97. Bayan an san girman sai a sayo fistan, a kai su tare da bulok wajen mai borin, ya yanka ramin daidai da fistan da ke hannunsa.

Na biyu ya fi cin mutane, domin awo ma yana iya ruɗin wanda bai lura ba. A 1984 Mercedes ta fito da OM366, magajin OM352, kuma in ka gan su a ƙasa kamar wa da ƙane. Faɗin raminsa milimita 97.5, wato daidai da obasayiz na farko na OM352, girman da ake zuwa in an faɗaɗa ramin karon farko. Sai dai tafiyarsa milimita 133 ce, saboda haka fistan ɗinsa ya fi gajarta daga fil, wato ƙarfen da ke ratsa fistan ya riƙe shi, zuwa kai da kusan milimita 2.5. Zai shiga ramin OM352 da aka faɗaɗa zuwa 97.5 lafiya lau, ya yi sama da ƙasa ba gardama, amma ba ya kai wa inda ya kamata ya tsaya. Injin gas kuwa ba shi da fulogi, matsin iska ne kaɗai ke kunna man. Akwai wata tifa da aka jawo mana daga hanyar Daura, sabon aiki, mai ita har ya canja batir biyu da kik saboda ba ta tashi da safe sai an tura, in ta tashi kuma farin hayaƙi ya cika layi. Da muka ɗaga kai muka juya inji, sai ga fistan duka shida suna tsayawa can ƙasa da fuskar bulok. Dattijon mai motar ya daɗe yana kallon ramukan, sannan ya ce mini, "Ɗana, kuɗin gonar da na sayar ke nan." Har yau abin yana damuna, domin minti biyar sun isa a gane.

Ga yadda ake ganewa. Ka tafi shago da tsohon fistan ɗaya a hannunka. Ka zura fil guda ta cikin tsohon da sabon a jere, ka ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kansu, ka ga ko tsawonsu ɗaya. Ka dubi kwarmin da ke tsakiyar kai, inda nozul ke fesa mai: faɗinsa, zurfinsa da inda ya karkata. Na injin da ke da turbo daban yake da na wanda ba shi da shi. Ka ƙirga gurbin zobe. Ka kuma karanto lambar da ke jikin bulok, ba wadda ke takardar mota ba, don da yawa an sha canja musu inji. Masu tsohuwar Land Cruiser ma su kula, irin wannan tarkon yana wajensu: injin 2F da 3F duk faɗin raminsu milimita 94, amma tafiyar 2F 101.6 ce, ta 3F kuwa 95.

Akasin wannan ma yana faruwa. In an taɓa goge fuskar bulok don ta miƙe, bulok ya rage tsawo, fistan sitanda zai leƙo fiye da ƙa'ida, ya riƙa taɓa bawul. Kamfanoni irin su Mahle da Kolbenschmidt suna yin fistan mai ɗan ragin tsawo saboda haka. A auna leƙowar kowane ɗaya kafin a ɗora gaskit. Ninka gaskit biyu ba magani ba ne.

Sai canja biyu a bar huɗu, ko a haɗa sabo da na Beljiyam. Na san halin da ake ciki, kuɗi ne ke sa haka. Amma laushin injin shida a jere daga daidaiton nauyi yake: na 1 da na 6 tare suke hawa, haka na 2 da na 5, haka na 3 da na 4. In ɗaya ya fi abokinsa nauyi, jijjiga za ta sauka a kan metal da karanshaf. In dole sai na hannu, a samo shida daga inji ɗaya, a ɗora su a sikeli, a sa sabon zobe a gurbin sama a gwada da fila-gej, wato siraran ƙarafan auna tazara. In zoben yana rawa a ciki, fistan ya gama aiki komai ƙyallinsa.

Wani abin da nake yawan gyara wa yara shi ne wurin awo. Kan fistan da gangan aka yi shi ƙarami, don shi ya fi shan wuta ya fi kumbura. Ana auna shi ne a ƙasa, wajen siket, ta gefen da ya gitta fil. Fistan na kirki za ka ga an buga girmansa a kai, da haruffan Sp da wata lamba, wato tazarar da za a bari tsakaninsa da bango, abin da bai wuce kaurin takardar rubutu ba. Wasu suna cewa mai borin ya matse don inji ya yi ƙarfi. Alminiyam ya fi ƙarfen bulok saurin buɗewa, kuma a zafin watan Afrilu, da lodi a hanyar Jibiya, matsattsen fistan kamawa zai yi. Zoben ma a tura kowanne cikin raminsa a auna bakinsa, wajen milimita 0.4 ga rami irin wannan, a bi takardar da ke cikin kwali. Inda aka rubuta TOP ya kalli sama, kibiyar kan fistan ta kalli inda littafin injin ya nuna. Kwali kuwa kowa na iya buga shi. A dubi tambarin da aka zuba a cikin fistan ɗin da kansa.

Kafin a zubar da tsofaffin, a wanke su a jera su daga 1 zuwa 6 a duba. Wanda bakin kwarminsa ya narke ko ya tsage, nozul ɗin ramin nan yana ɗiga, a kai shida duka gwaji. In siket ya yi zane-zane daga sama zuwa ƙasa kuma zobe ya cinye kamar an goga masa fayil, ƙurar hunturu ce ta samu hanya, sai a bi robar iska da hannu daga filta har bakin inji, a nemo inda ta tsage.