Yadda Ake Sauya Launin Cikin Fijo 504 Ba Tare da Fenti Ya Ɓare Ba

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma tun 1975 aka fara harhaɗa motocin Fijo a Kakuri, Kaduna, shi ya sa har gobe ba a rasa ta a garejin wani dattijo. Matasa na karɓar ta gado su gyara inji, su fesa jiki, sai a zo cikin mota aiki ya lalace. Na ga 504 fiye da ɗaya da aka mayar da cikinta ruwan zuma, kafin damina ta zagayo fentin ƙofa yana bin hannun duk wanda ya taɓa. Ni ma haka ta faru da ni a motata ta farko, don haka ga yadda nake yi yanzu.

Ka fara da sayen ledar kujera, ba fenti ba. Sabon shiga yakan zaɓi launi a waya, ya sa a haɗa masa fenti, sannan ya shiga kasuwa neman leda da kafet da za su dace. Ba zai samu ba. Fenti ana haɗa shi yadda aka so, leda kuwa abin da ke kan kanta shi ne ke nan. Ka je wurin masu kayan kushin, ka yanko ƙyalle kamar tafin hannu daga kala uku, ka ɗora su cikin motar da tsakar rana, ka sake dubawa bayan la'asar. Wadda ta yi maka a lokutan biyu ita za ka saya, kuma ka saya gaba ɗaya daga naɗi guda har da rara, domin naɗi biyu masu suna ɗaya kan bambanta. Ƙyallen nan shi za ka kai wa mai haɗa fenti.

Manyan launuka biyu sun isa. Kujeru da ƙofofi ruwan zuma, kafet makuba mai duhu. Saman dashbod kuwa ka bar shi baƙi ko makuba, marar sheƙi. Dashbod mai haske yana haskowa a gilashin gaba, ranar da ka hau hanyar Zariya da tsakar rana ba za ka ga titi da kyau ba.

Wajen kwancewa, cire kan batir, ɗauki hoton kowace kusurwa, ka zuba notuna a leda daban-daban da rubutu. Robobin 504 sun daɗe suna shan rana, ka lallaɓa su, domin wanda ya karye sai ka yi yawon kasuwar Panteka ko ta Ƙofar Ruwa, kuma wani ɗan ƙaramin marfi zai iya cin kuɗin da ya fi na gwangwanin fenti. Idan ka ɗaga kafet ka duba ƙasan ƙafar direba. In akwai tsatsa, mai walda ne farko.

Yanzu ga inda ake faɗuwa: wanki. Shekara da shekaru masu wankin mota suna shafa wa dashbod da ƙofofi man sheƙi. Man nan yana da silikon, ya shige cikin 'yan ramukan zanen roba, kuma babu fentin da ke kama silikon. Ni na goge da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya, na ga ya bushe, na fesa. Ya yi kyau sati uku. Da zafin Afrilu ya shigo, wurin da nake ɗora gwiwar hannu ya fara kumbura, na sa farce sai ya taso kamar ɓawon dafaffen dankali. Kankare wannan fentin ya ci mini kwana huɗu.

Don haka ka wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, da burushi mai ɗan tauri, kana bin zanen robar lungu-lungu. Ka ɗauraye, ka sake. Sau uku nake yi. Bayan ya bushe ka jiƙa farin tsumma da sifirit ka goge ta ɓangare ɗaya kawai, kada ka yi gaba da baya, don mayar da man kake yi inda ka ɗebo shi. Tsumma ya yi datti, canza wani. Kada tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, ta kusanci robar nan, tana narka ta, zanen ya shafe har abada.

Sai gwaji. Yayyafa ruwa kaɗan a kai. Idan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, akwai sauran mai, koma wanki. Idan ya baje ya kwanta, ka gama. Daga nan kada ka ƙara taɓawa da hannu tsirara, maiƙon yatsa ma yana barin tabo. Mariƙin ƙofa da wurin ɗora hannu su suka fi ɓoye mai, su za ka fi ba lokaci.

Fentin ma ba kowanne ba. Na gwangwani da ake fesa wa ƙofar gida yana bushewa da tauri, leda kuwa lanƙwasa take, sai ya tsattsage. Ka nemi wanda aka yi don leda da roba, irin SEM Color Coat, ko mai fentin mota ya haɗa maka da sinadarin da ke sa shi laushi. Ya fi tsada, amma sau ɗaya za ka saya. Roba mai tauri tana son a ɗan goga mata sanfefa mai laushi sosai, a fesa mata ruwan da ke sa fenti ya kama, kafin launi.

Ka fesa daga nisan kamar taƙi ɗaya, shafi siriri, ka jira minti 10, ka ƙara. Shafi na farko zai yi kamar bai rufe ba, haka ake so. Uku zuwa huɗu sun wadatar. Kada ka yi a rana, kada ka yi ranar da hunturu ya taso da ƙura, kuma ka rufe hanci. Fara da bayan wani yanki da ba a gani, washegari ka manna tef ka fizge. In fenti bai biyo ba, ci gaba.

Kujeru ba na fesa su, sabuwar riga nake sa a ɗinka. Ka hana mai kushin zubar da tsohuwar, a farke ɗinkinta a yanka sabuwa a kanta, in ba haka ba zai yi maka kujerar falo. Soson da ya zube a canza, musamman gefen direba. Bel ɗin kujera kada a rina shi, rini na iya raunana zarensa, a bar shi baƙi.

Kwalin ƙofa in ya sha ruwa a yanka sabo, a manna ledar tare ruwa a jikin ƙarfen ƙofar kafin a mayar. Rufin sama ruwan madara. Wajen mayarwa, rufi farko, sai kafet, dashbod, ƙofofi, kujeru a ƙarshe. Ka ba fentin sati guda kafin ka wanke, kuma ka gaya wa mai wankin mota tun daga bakin ƙofa cewa ruwa da tsumma kawai zai sa a ciki.