Kyautar mota ga wanda ya gama jami'a: kurakuran da iyaye suka fi yi a Kebbi

Uban da Allah ya hore masa, ɗansa ko 'yarsa ta kammala digiri a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ya ce zai yi kyautar mota, ya yi abin yabo. Karatun jami'a a ƙasar nan ba wasa ba ne. Waɗanda yajin aikin malamai na 2022 ya rutsa da su wata takwas suka yi a gida suna jira. Motar da samari ke so kuwa sananniya ce: mai ƙasa-ƙasa, mai ƙarfin inji, mai sheƙi, irin su Mercedes-Benz C300, BMW 3 Series, Lexus IS, wani lokaci har Dodge Charger ko Ford Mustang. Inda ake samun matsala shi ne ana zaɓen motar ne da tunanin ranar walima da hotunan da za a ɗauka, alhali yaron zai zauna da ita shekaru, a kan hanyoyinmu, a hannun kanikawanmu, da aljihun wanda bai fara ɗaukar albashi ba.

Kuɗin saye aka tanada, ba a tanadi na riƙo ba

Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Irin waɗannan motoci tankinsu na cin kusan lita 65. A ƙaddara lita tana naira 900, cika tanki sau ɗaya naira 58,500 ke nan. Ɗan bautar ƙasa kuwa alawus ɗinsa naira 77,000 ne a wata. Ba a zo maganar juye ba, wanda Marsandi ke shan fiye da lita 6 na baƙin mai mai tsada, ba a zo maganar taya da birki ba. Yaron da ke jin nauyin mahaifinsa ba zai iya zuwa duk mako yana cewa, "Baba, mai ya ƙare," ba. Sai ya fara cin bashi, ko ya riƙa jinkirta juye, ko ya zuba baƙin mai na gwangwani mai araha, daga nan injin ya fara mutuwa a hankali.

Gyaran wannan mai sauƙi ne idan an yarda a rage buri. A raba kuɗin da aka ware gida biyu tun kafin a je wurin dillali: na saye daban, na riƙon shekara guda daban, wato mai, juye, taya huɗu, inshora da ɗan abin ko-ta-kwana. Idan kuɗin ba zai ɗauki duka biyun ba, motar ce ta yi girma, sai a sauko zuwa wadda ke ƙasa da ita.

Motar ta yi ƙasa, hanyar ta yi rami

Motocin tsere na alfarma an ƙera su kusa da ƙasa don su kama titi idan ana gudu. Tazarar cikinsu da kwalta ba ta wuce santimita 13 zuwa 14, yayin da irin su Lexus RX ke da kusan 18. Bambancin kamar ba yawa, amma shi ne tsakanin wucewa lafiya da fasa tukunyar baƙin mai a kan tudun rage gudu. Wanda ya san hanyar Jega zuwa Koko zuwa Yawuri bayan damina, da yadda manyan motocin shinkafa da albasa ke tone kwalta, ko ya shiga sababbin unguwannin Birnin Kebbi da ba a yi wa titi ba, inda rairayi ne da rani, laka da damina, ya san abin da nake nufi.

Tayar ma abin dubawa ce. A jikin kowace taya akwai lambobi. Idan an ga 225/40 R18, kaurin gefen tayar kashi 40 cikin 100 ne na faɗinta, wato milimita 90. Ta Camry mai 215/60 R16 tana da milimita 129. Wannan roba ita ce ke shanye dukan rami. Idan ta yi siriri, rami ɗaya ya isa ya kumbura taya ya lanƙwasa wili. Ƙari a kan haka, BMW da yawa da wasu Marsandi na baya-bayan nan ba sa zuwa da safaya kwata-kwata, domin an sa musu tayar da ke iya ɗan tafiya bayan ta sace. A Turai dabara ce mai kyau. Tsakanin Argungu da Sakkwato da magariba kuwa, babu mai facin da ke ajiye irinta. Kafin a biya kuɗi a buɗe but a ga safaya da jak da ido, a zaɓi mota mai wili 17 a bar mai 19, sannan a duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT a jikin tayar: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tsohuwar taya a zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, fashewa take yi ba sallama.

Ba a tambayi bakanike ba sai da mota ta tsaya

Kanikawanmu gwanaye ne a kan Toyota da Honda da Peugeot, sun san su ciki da waje. Motar Jamus ta zamani kuwa rabinta kwamfuta ce, sai an jona mata na'ura kafin a san ciwonta. Inda ɓarna ke shigowa shi ne a yi mata maganin da aka saba yi wa tsofaffin motoci: a cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi, a haɗa fanka kai-tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya, a zuba baƙin mai mai kauri 20W-50. Kowanne daga cikin waɗannan cuta ne ga irin wannan inji. Ruwan rijiya na sa tsatsa da toshewa, mai mai kauri ba ya ratsa ƙananan hanyoyin injin da wuri, inji marar tamostat kuma shan mai yake ƙarawa. Littafin motar ya faɗi abin da take so: Marsandi mai fetur na wannan zamani tana neman mai mai shaidar 229.5, BMW kuma LL-01. A rubuta wa yaron wannan a takarda a ajiye a cikin mota. Ƙurar hunturu ma tana toshe matatar iska da wuri, don haka ba a jira lokacin da littafi ya ce.

Akwai kuma cututtukan da aka san wasu samfura da su. BMW 328i na wajen 2012 zuwa 2014 mai injin N20 an san shi da matsalar kacar inji. Lexus IS 250 tana tara baƙin dauɗa a bakin bawul saboda yadda take fesa mai. Littattafan yawancin motocin nan suna neman fetur mai daraja ta sama, mu kuwa iri ɗaya ake sayarwa a gidajen mai. Kayan gyaran da babu a Birnin Kebbi sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, mota na zaune a gareji tana shan rana.

Shawarata ita ce a fara neman bakaniken kafin a nemi motar. A je garejinsa a ga ko yana da na'urar dubawa, a ga ko akwai irin motar a hannunsa. Idan dole sai mai alfarma, Lexus ES 350 ta fi kwanciyar hankali, domin injinta ɗaya ne da na Camry mai silinda shida, kayanta na samuwa, kanikawa sun saba da shi. Camry SE ko Honda Accord Sport ma suna da fasalin da matashi ba zai ji kunyar fita da su ba.

Ƙarfin inji a hannun sabon direba

A nan ne zuciyata ta fi nauyi, domin sauran kurakuran asarar kuɗi ce, wannan kuwa rai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Corolla tana da ƙarfin doki kusan 132. C300 ta 2015 tana da 241, IS 350 kuma 306. Yaron da duk tuƙinsa bai wuce satar fita da motar gida zuwa kasuwa ba, a miƙa masa ninki biyu na ƙarfin da ya sani, a ce Allah ya tsare, ba a yi masa adalci ba.

Waɗannan motoci ba sa nuna gudu. Gilashi a rufe, sanyi na busawa, babu ƙara babu girgiza, mutum yana 140 yana jin kamar 80 yake. Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: motocin da aka shigo da su daga Amurka manyan lambobin agogonsu mil suke nunawa, ba kilomita ba. Allura na kan 80, gudun kusan kilomita 129 ne a awa. A gudun kilomita 120 mota na cin mita 33 duk daƙiƙa ɗaya, kuma idan gudu ya ninka, nisan da birki ke buƙata ninkawa yake yi sau huɗu. Ga garken shanu na tsallakawa, ga raƙumi da dare, ga ɗan kabu-kabu da zai karyo ba duba, ga ranar kasuwa da ake baje kaya har bakin kwalta. Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ga ƙananan motoci ita ce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na gudu.

Yawancin motocin nan kuma tayoyin baya ne ke tura su. Idan aka taka totur da ƙarfi a kwana, ko a kan rairayin gefen titi, ko bayan ruwan farko, bayan motar zamewa yake yi, sabon direba kuwa bai san yadda ake kamo ta ba. Akwai maɓallin da ke kashe na'urar hana zamewa, kuma shi samari ke dannawa idan za su yi wasan mota a wurin biki. A gaya wa yaro kai-tsaye cewa sharaɗin kyautar shi ne ba a taɓa maɓallin nan, ba a ba aboki aro, ba a tafiyar dare, ana ɗaura bel. Lasin ya zama na gaske, wanda aka yi bayan makarantar koyon tuƙi, ba wanda aka aika aka karɓo ba. Idan bai yi shekara yana tuƙi ba, ya fara da ƙaramar mota. Mai ƙarfin ba za ta gudu ba.

Arahar da ke zuwa ta bakin iyaka

Kebbi na da iyaka da Nijar da Binin, don haka ba a rasa mai cewa yana da mota 'yar Kwatano a farashin da ya yi ƙasa da na kowa. Araha ba ta ado. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta sa dokar hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da ba a biya mata duti ba, ko aka yi mata takardar bogi, kwastam na iya kama ta a kowace hanya ko bayan shekaru. A kai takardun ofishin kwastam a tantance kafin kuɗi su bar hannu. Lambar cesis mai haruffa da lambobi 17 kuma a bincike ta a intanet, a shafuka irin su Carfax, domin motocin tsere da yawa da ke zuwa daga Amurka an sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye. Wadda ta sha ruwa wayoyinta ba sa daina ba da wahala, wadda ta yi karo kuma sau da yawa an rufe gurbin jakar iskarta babu komai a ciki. A guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu.

Inshorar naira 15,000 ɓarnar da aka yi wa wani take biya, ba ta gyara motar yaro. Mota mai tsada cikakkiyar inshora ta kamace ta, kuma akwai tsarin takaful ga wanda ke son wanda ya dace da shari'a.

Lokaci, idon jama'a, da sunan da ke kan takarda

Da yawa suna ba da motar mako guda kafin a tura yaro bautar ƙasa wata jiha mai nisa. Ko dai ya kama doguwar hanyar da bai sani ba, ko ya bar ta a gida batir ya mutu, ƙanne su riƙa ɗauka a ɓoye. Jira har ya dawo, a ga inda zai zauna da aikin da zai yi, ya fi. A kuma tambaye shi. Wani jari yake so, wata kuɗin digiri na biyu take buri, kunya ce ta hana su faɗa.

Halin tsaron da ake ciki ma ba abin rufe ido ba ne. Jar mota mai ƙarar salansa da lamba mai ɗauke da suna tana sanar da kowa ɗan gidan wane ne da lokacin fitarsa, a zamanin da masu garkuwa da mutane ke da masu kai musu rahoto. Launi marar jan ido, lamba irin ta kowa, kuma a rage yaɗa hotunan miƙa makulli a Facebook da TikTok.

Sai takardu. Iyaye da yawa suna cewa "na ba ka," amma rajista na sunan uba, ko na kamfaninsa. A mazhabar Malikiyya kyautar da ba a karɓa ta shiga hannun wanda aka ba ba har mai kyautar ya rasu, komawa take yi cikin gado, kuma ko an karɓa, takarda mai sunan mamaci ƙofar rigima ce tsakanin 'yan'uwa. A yi rajista da sunan yaron, a kafa shaidu, a damƙa masa makulli. A gidan da ke da ɗakuna biyu ko uku kuma, a tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida, ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Kafin a sayi C300 ga ɗan fari, Alhaji ya ƙirga ƙannensa mata da maza da ke aji biyu da aji uku, ya ga ko zai iya yi wa kowannensu kwatankwacin haka idan lokacinsa ya zo.