Yadda zaka gwada ka gani da idonka cewa jerin atam ne ke ba lantarki hanya a fim ɗin VO2

'Yan uwa ɗalibai da ke karatu nan Jidda da Thuwal a Saudiyya suna yawan tambayata, ya akayi fim biyu (wato siririn shafen sinadari da ake shimfiɗawa a kan wani abu) sinadari ɗaya kauri ɗaya amma wuta ta bi ɗaya salin alin ɗayan ya turje? Amsar tana wajen yadda atam suka jeru, kuma VO2, wato banadiyam haɗe da oksijin, shi yafi nuna haka ƙarara, tun 1959 wani masanin kimiyya mai suna Morin ya gano halinsa na turje wa wuta a sanyi da sakar mata hanya in ya yi zafi.

Da farko ka samu fim biyu masu kaurin kamar nanomita 100, ɗaya a kan safaya (dutse mai daraja da atam ɗinsa ke jere tsaf) ɗaya a kan gilashi. Ka fara kai su XRD, na'urar da ke duba jerin atam da hasken X-ray, ka tabbatar VO2 ne, don in oksijin yayi yawa V2O5 zaka samu mai ruwan ɗorawa, wahalarka ta tashi a banza kenan.

Sai ka ɗora kan hita, ma'aunin zafi ka manna shi jikin fim ɗin ba jikin hitar ba. Ka sauke allura huɗu a jere, na gefe biyu su tura wuta na tsakiya su auna boltej, ka raba boltej da karan (yawan wutar da ka tura) ka ninka da 4.53, turjiyar fim ɗin ga wuta kenan. Dan Allah kar ka danna da ƙarfi, zaka huda shi.

Yanzu ka riƙa ƙara zafi digiri ɗaiɗai kana rubutawa. Wajen digiri 68 na Selshiyas turjiyar na kan safaya zata rikito sau dubu ko fiye, wallahi ranar farko da na gani sai da na kira abokin aikina ya duba mitar. Dalili kuwa, a sanyi atam ɗin banadiyam bibbiyu suke manne a karkace, ilektaron sun maƙale tsakaninsu, da zafi ya kai sai su miƙe layi ɗaya tazara iri ɗaya hanya ta buɗe. Na kan gilashi shima zai faɗi amma kaɗan kuma da jan ƙafa, saboda ƙananan ƙwayoyi ne barkatai, kowace iyaka tsakaninsu shinge ce.

Kar ka kashe hita ka tafi, ka auna da saukowar zafin, zaka ga sai zafin ya sauka ƙasa da inda fim ɗin ya juya kafin turjiyar ta koma sama. In kuma tagar da ke tare zafin rana kake hari, irin wadda gidajen Jidda ke buƙata, 68 yayi yawa, sai a sa wa fim ɗin ɗan ƙarfen tangistan ya sauko da zafin da yake juyawa, ka sake gwajin daga farko.