Yadda na gyara ƙananan alamomin sauti da baitoci a LilyPond, manhajar rubuta notocin kiɗa

Ƙungiyar mawaƙanmu a Garwa ta ɗauko tsohuwar waƙa mai muryoyi huɗu, irin wadda marubutan zamanin da ba sa saka diyez (alamar ♯ mai ɗaga sautin nota kaɗan) a wasu wurare, sai mawaƙi ya sani da kansa. Ina so in ƙara diyez ɗin, amma mai karatu ya gane cewa ƙarin nawa ne, ba na asali ba. Da na rubuta fis? (wato notar fa mai diyez, da alamar tambaya a bayanta) sai alamar ta fito cikin baka biyu, kamar haka (♯), a gefen nota, kamar tunatarwa kawai. Ba haka nake so ba. Abin da ya warware matsalar shi ne rubuta umarnin \set suggestAccidentals = ##t kafin notar; nan take ƙaramar diyez ta hau saman layukan da ake rubuta notoci a kansu. Bayan notar sai a sake rubuta umarnin da ##f a maimakon ##t, in ba haka ba duk sauran alamomin su ma sama za su hau.

Baitocin Hausa kuwa, ɓ, ɗ da ƙ sun fito da wani fasali daban, sai da na sauya salon haruffa zuwa wani mai suna Charis SIL. Tsakanin gaɓoɓi na sa --, inda ake jan wasali kuma __.