Ruwan famfo ya zo da laka? Ga dabarar ƴaƴan zogale

'Yan uwa, idan famfo ya kawo ruwa ja ko mai laka, kada ku zuba shi a randa kai tsaye.

Ku ɓare busassun ƴaƴan zogale, ku daka farin cikin ya yi laushi. Ƙwaya 1 ga kowace lita, wato kamar 20 ga jarka mai lita 20. Ku dama garin da ruwa kaɗan, ku zuba a bokitin da ruwan mai laka yake ciki, ku juya da ƙarfi minti 1, sannan a hankali minti 5. Ku bar shi awa 1 zuwa 2 ba taɓawa.

Garin yana kama ƙurar da ke yawo a ruwan, ta dunƙule ta kwanta a ƙasa. Sai ku tsiyaye na sama ta farin ƙyalle mai tsabta da aka ninka huɗu.

Amma fa ruwa ya yi garau ba shi ne ya tsarkaka ba. Ƙwayoyin kwalara da taifot suna iya saura, don haka ku tafasa shi, ya yi minti 1 yana tafasa sosai.

Kada ruwan ya wuce kwana ɗaya a ajiye, saboda ragowar zogalen kan sa shi wari. Ruwan da dalma ta gurɓata kuwa, zogale da tafasawa duk ba sa maganinsa.