Yadda Ake Zane da Iyakar Miƙewar Hannu

Fara da takarda. Idan mutum ya buɗe hannuwansa, faɗinsu kusan daidai yake da tsayinsa, don haka takardarka ta fi tsayinka ta kowane gefe. In babu babba, haɗa ƙanana da salatif ta baya. Ni a ƙasa nake shimfiɗa ta, in manne kusurwoyin huɗu don kada ta zame. Nemi gawayin zane mai kauri. Fensir saurin karyewa gare shi. Sa tsofaffin kaya, domin sai ka yi baƙi ƙirin.

Durƙusa a tsakiya, gawayi a kowane hannu. Doka ɗaya ce: gwiwoyinka ba za su gusa ba. Miƙa hannuwan gaba har inda suka tsaya, ka zagayo da su ta gefe zuwa baya a tare, ka sake, ka sake. Motsin daga kafaɗa da ƙugu zai fito. Da ka fara murza wuyan hannu, ka koma rubutu ke nan.

Bayan minti goma, tashi ka duba. Kusa da jiki layin ya yi duhu, saboda nan ne nauyinka ya danna gawayin. Can ƙarshen miƙewa ya dusashe, har yana tsinkewa. Hannun da ka saba aiki da shi ya ja layi sumul, ɗayan kuwa sai karkarwa. Bayanka akwai fili fari fat da kafaɗa ta kasa kaiwa, kuma da gajiya ta shigo, zagayen ya riƙa tsukewa. Za ka ji kamar ka cike wancan filin. Kada ka taɓa. A wurina shi ne ya fi komai daɗin kallo.

Wasu sun riga mu. A 1972 Tom Marioni, ɗan Amurka, ya yi ta jan layi a takardar da ke jikin bango iyakar inda hannunsa ya kai. Tony Orrico, wanda asalinsa ɗan rawa ne, rub da ciki yake kwanciya yana ja da hannu biyu na tsawon awanni. Henri Matisse, mai zane ɗan Faransa, kuwa ɗaure gawayi ya yi a bakin doguwar sanda. Gwada dabarar Matisse in ka saba da ta farko: sanda tana ƙara nisa, tana rage iko.

In kafaɗa ta fara suka, dakata. Ka fesa wa zanen maganin kama gawayi kafin ka naɗe shi, in ba haka ba zai goge.