Yadda Za Ka Tabbatar Da Garanti Kafin Ka Sayi Tabarau Mai Hangen Nesa Na Hannu

Tabarau mai hangen nesa irin na manyan kamfanoni, wato Swarovski na ƙasar Ostiriya da Zeiss da Leica na Jamus, kuɗin sabo daga cikin samfuransu na sama yana kai dala dubu biyu zuwa uku, shi ya sa mai son kallon tsuntsaye ko mai duban jinjirin wata yakan karkata ga na hannu, ko ga sabon da wani ɗan kasuwa ke sayarwa da rangwame a intanet. Babu laifi a cikin hakan, domin kayan suna daɗewa ƙwarai idan an kula da su. Sai dai wani kaso na kuɗin da mai sayen sabo yake biya na alkawarin gyara ne, kuma wannan alkawari ba kullum yake bin tabarau zuwa hannu na biyu ba.

Abu na farko da za ka bincika shi ne ƙasar da aka fara sayar da shi, saboda kamfani ɗaya yana iya ba da sharuɗɗa daban-daban gwargwadon kasuwa. Swarovski, alal misali, yana ba da garantin shekara 10 a Turai, amma reshensa na Arewacin Amurka, wanda ke jihar Rhode Island, yana ba da garanti na tsawon rayuwar kayan a kan ɓangaren gilasai, da sharaɗin cewa an saya daga dilan da reshen ya amince da shi. Haka Zeiss yake ba da shekara 10 a Turai a kan manyan samfuransa, a Amurka kuwa garantinsa na tsawon rayuwa ne kuma yana bin kayan idan an sayar wa wani, amma ƙarin tsarinsa na shekara 5, wanda ke ɗaukar nauyin gyara ko da mai kayan ne ya yi ɓarnar bisa tsautsayi, na mai saye na farko ne kaɗai. Saboda haka idan mai sayarwa ya rubuta cewa kayansa suna da garanti har abada, ka tambaye shi a wace ƙasa, kuma ga wa.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne wajen sabon tabarau da ke cikin kwalinsa, na asali ne ba jabu ba, amma ya shigo ta hanyar da ba ta kamfanin ba. Ɗan kasuwa ya sayo shi a inda yake da arha, ya kai shi inda yake da tsada, ya sayar ƙasa da farashin wakilan kamfani. Gilashin ɗaya ne da na shagon wakili, sai dai ranar da ya lalace reshen kamfanin da ke ƙasar zai duba lambar da ke jikinsa, ya ga ba shi ya shigo da shi ba, ya ce babu ruwansa. Reshen kamfanin Nikon da ke Amurka ya daɗe yana faɗa a fili cewa garantinsa bai shafi irin waɗannan kaya ba. A ganina tsohon tabarau da aka saya tun farko a wurin wakili, yana tare da rasit ɗinsa, ya fi irin wannan sabon kwanciyar hankali sau da yawa, duk da cewa ido ya fi son na cikin kwali.

Akwai kamfanonin da ba su damu da wannan bin diddigin ba. Vortex na jihar Wisconsin a Amurka yana gyarawa ko musanya tabaraunsa ba tare da neman rasit ba, ko kai ne mai shi na uku, ban da wanda ya ɓata, ko aka sace, ko aka lalata da gangan. Leupold na jihar Oregon ma ba ya neman shaidar mallaka. Amma wannan sassauci ga kayan asali kawai yake aiki, kuma masu yin jabu sun fi kwaikwayon sunayen da suka yi fice.

Aikin da ya wajaba kafin kuɗi su bar hannunka shi ne neman lambar da kamfani ya buga a jikin tabarau. Ka nemi mai sayarwa ya turo hotonta a sarari, da hoton rasit na farko mai ɗauke da sunan shago da kwanan wata, da katin garanti idan yana nan. Daga nan sai ka rubuta wa sashen kula da masu saye na kamfanin, ka ba su lambar, ka yi musu tambayoyi uku: shin kayansu ne, shin garantinsa yana nan, kuma shin zai yi aiki gare ka a ƙasar da kake zaune, alhali ba kai ka fara saye ba. Ka ajiye amsar a rubuce, domin maganar fatar baki ta dillali ba ta ɗaure kamfani. Mai sayarwar da ya ƙi nuna lambar, ko wanda aka kankare tasa, ka bar masa kayansa, don wataƙila na sata ne.

Ka kuma fahimci iyakar garantin kansa. Yawancinsa yana ɗaukar lahanin da ya taso daga ƙira ne ko daga kayan da aka yi aikin da su, ba faɗuwa ƙasa ba, ba karce a gilashi ba, ba tsufan robar jiki ba. Sannan duk tabarau da wani mai gyara na gefen hanya ya taɓa kwancewa ya fita daga alkawari, kuma ya rasa iskar naitirojin da aka cika cikinsa da ita don hana raɓa shiga. Don haka ka duba kawunan kusoshi ko akwai alamar an murɗa su, ka haska tocila ta manyan gilasai ka nemi ƙura ko zaren fumfuna, sannan ka kalli sandar lantarki mai nisa na ɗan lokaci. Idan ta rabu biyu, ko idanunka suka fara ja, to ɓangarorin biyu sun kauce daga saiti, kuma gyaran wannan sai a ma'aikata.

Wanda ɗan'uwansa zai sayo masa daga Turai ya san cewa dokar Tarayyar Turai ta ɗora wa shago alhakin kayan da ya sayar na shekara 2, kuma a wasu ƙasashen ana iya rage wa'adin zuwa shekara 1 idan kayan na hannu ne, amma wannan haƙƙi bai shafi cinikin da aka yi tsakanin mutum da mutum ba.

Saura lissafin nisa, wanda mazaunin Kano ko Jos ko Maraɗi bai kamata ya manta da shi ba. Ko gyaran kyauta ne, tabarau zai tafi Absam a Ostiriya inda Swarovski yake, ko Wetzlar a Jamus inda Leica yake, ko Amurka, kuma kuɗin aikawa da inshora a kanka suke, ga makonnin jira, ga batun kwastan idan ya dawo. Ka ɗauki hotonsa da lambarsa kafin ka rufe kwali, ka riƙe takardar aikawa don nuna cewa naka ne da ya je gyara. Idan kuwa kamfanin bai ba ka tabbaci a rubuce ba, ka yi ciniki a kan cewa babu garanti sam, ka cire kuɗin gyara ɗaya da na aikawa daga abin da za ka taya.